Kumburin Fatar Ido a Wurin Yara da Sankarar Jini

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, likitan yara, ya yi a wurin taron ƙungiya na shekara-shekara



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace a ba ni waɗannan 'yan mintoci. Sa'ad da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne mai jawabin bana, ya ce in zaɓi abin da zai amfani jama'a, amma kada in cika ku da Turancin likitoci. Na yi alkawari, kuma zan yi ƙoƙari in cika. Tsayawa a gaban malamanmu ba abu ne mai sauƙi ba, balle ga wanda ya saba ɓuya a layin baya tun daga aji ɗaya. Ga malaminmu na ilmin halittu can ina hangensa, yana kallona ta saman tabarau kamar yadda ya saba. Malam, idan na yi kuskure a yi mini afuwa, a bar gyaran sai mun fita.

Abin da zan yi magana a kai shi ne kumburin fatar ido a wurin yara, musamman irin wanda fatar kan yi duhu kamar an naushi yaro. Yawancinmu yanzu iyaye ne, wasu har da jikoki, da dama kuma malaman makaranta ne masu yini da 'ya'yan mutane. Babu wanda bai taɓa ganin yaro ya tashi da ido a kumbure ba. Galibi ba wani abu ba ne, kwana uku ko huɗu ya sace. Amma akwai wani iri wanda tushensa ba a idon yake ba, yana can cikin ƙashi. Ni kaina sai da wani yaro ya rasa ransa kafin na koyi gane shi, kuma da labarinsa zan fara.

Shekaru fiye da ashirin da suka wuce, ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, aka tura ni wani babban asibiti a wata ƙaramar hukuma. Wata ranar kasuwa, layi ya yi tsawo har bakin ƙofa, sai wani manomi ya shigo da ɗansa mai shekara bakwai. Fatar idonsa na dama ta sama ta kumbura, ta yi duhu. Uban ya ce kwana goma ke nan. Da farko sun zaci hazbiya ce, sun sa kwalli, sun ɗiga maganin kemis, abu ya ƙi. Na tambayi yaron ko faɗa ya yi, ya girgiza kai. Na ce a raina, wane yaro ne zai amsa ya yi faɗa a gaban ubansa? Na rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da man shafawa, na ce su dawo bayan mako guda. Ban ja fatar idonsa ta ƙasa na ga ko yana da jini ba. Ban buɗe bakinsa ba, ban taɓa cikinsa ba. Duka-duka bai yi minti biyar a gabana ba.

Damina ce, aiki ya yi yawa, hanya ta lalace, ba su dawo ba sai bayan mako biyar. Da na gan shi sai gabana ya faɗi. Idon ya turo waje har ba ya rufuwa, ɗayan ma ya soma. Tafin hannunsa fari fat, dasashinsa na jini, jikinsa zafi rau. A tsakani an ce musu daji ne, daji kuwa ba ya son allura, saboda haka aka kai shi wurin wanzami ya yi masa tsaga a gefen ido, jinin ya yi wuni guda bai tsaya ba. Na tura su asibitin koyarwa a ranar, gwajin jini na yini ɗaya ya nuna abin da ke damunsa. Bai cika mako biyu a can ba ya rasu. Ba zan iya rantsuwa cewa da na gane tun farko da ya rayu ba, gama cutar mai tsanani ce. Amma mako biyar ɗin nan a hannuna suka salwanta. Bayan an yi sadakar arba'in uban ya zo da ƙwarya cike da ƙwan zabi, wai godiya yake yi saboda ƙoƙarin da na yi. Har yau in na tuna da wannan ƙwarya sai in ji nauyi.

To, mece ce wannan cuta? Ku tuna ranar nama a ɗakin cin abinci, yadda muke fasa ƙashi muna tsotse ɓargo. Wannan ɓargo shi ne masana'antar jini. Ƙwayoyi iri uku yake ƙerawa. Akwai jajaye masu kai iska ko'ina a jiki, kowace takan yi kamar kwana 120 a canza ta. Akwai farare, su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Sa'an nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu toshe rauni su tsayar da jini, waɗanda a ɗigon da bai wuce kan allura ba ana samun 150,000 zuwa 450,000 a jikin mai lafiya. Sankarar jini takan fara ne sa'ad da ɗaya daga cikin 'ya'yan fararen ƙwayoyin ta lalace tun tana ƙarama. Sai ta ƙi girma, ta ƙi aiki, ta dinga hayayyafa har zuriyarta ta cika ɓargo, kamar yadda ƙuduji kan cinye gonar gero. Da jajaye sun yi ƙaranci sai yaro ya ɗashe, ya riƙa gajiya. Da sojoji na kirki sun yi ƙaranci sai zazzaɓi ya ƙi jin magani. Da masu tsayar da jini sun yi ƙaranci sai haɓo da jinin dasashi. A shekarar 1847 wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya raɗa mata suna lukimiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar farin jini. Sai dai fa ba irin farin jinin da wasunku suka yi a makarantar 'yan mata ba ne.

Manyan ire-irenta a wurin yara biyu ne, likitoci kan taƙaita su da haruffa. Wadda ta fi yawa ita ce ALL, kusan uku cikin huɗu. Ta biyu ita ce AML, kamar ɗaya cikin biyar, kuma ita ce ta fi kawo maganarmu ta yau. A wasu yaran, lalatattun ƙwayoyin ba sa tsayawa a ɓargo da jini. Sukan fito su taru wuri guda su zama ƙari. Ana samunsa a fata, ko a dasashi, ko kusa da ƙashin baya, amma a wurin yara kwarmin ido na cikin wuraren da ya fi so. Ƙasusuwan da suka kewaye idon yaro suna da ɓargo mai aiki, ƙwayoyin kuwa sukan bi 'yan ƙananan hanyoyin jini su fito su zauna a kan ƙashin. Shi kuma kwarmin ido kamar ƙoƙo yake, ƙashi ne ta ko'ina sai ta gaba. Saboda haka duk abin da ya tsiro a ciki ba shi da inda zai nufa, sai ya tura fatar ido ta kumbura ta sauko, daga baya ya turo ƙwayar idon kanta.

Wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, Allan Burns, shi ne ya fara bayyana wannan ƙari a rubuce a 1811. A 1853 aka raɗa masa suna kuloroma, daga kalmar Girkanci mai ma'anar kore, domin in an yanka shi sau da yawa cikinsa kore ne, saboda wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin. A 1893 wani likitan Amurka, George Dock, ya nuna cewa shi da sankarar jini ɗanjuma ne da ɗanjummai. Daga baya an lura ba dukansu ne kore ba, aka sake masa suna, amma har yau tsohon sunan bai ɓace daga bakin likitoci ba. Kada kowa ya tafi gida yana neman koren ido, gama koren a ciki yake. Abin da za ku gani a waje duhu ne kamar na taruwar jini. Dalili biyu ke kawo shi: ƙarin yakan danne jijiyoyin jini, kuma jinin da ba ya daskarewa yakan tsiyaya a ƙarƙashin fatar ido, wadda ita ce mafi sirantar fata a jikin ɗan Adam. A fatarmu ta baƙar fata wannan duhu ba ya fitowa sosai, sai an kai yaro haske an gwada ido da ido.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne. Wani rahoto daga Yuganda a 1971 ya sa shi na biyu a cikin ƙarin kwarmin ido da aka samu a yara, bayan ƙarin Burkitt. Likitocin Ankara ta Turkiyya sun daɗe suna ba da rahotonsa. Haka nan likitocin Ibadan, a shekarun 1980, sun rubuta cewa suna yawan ganinsa tare da AML, musamman a yara maza 'yan shekarun firamare daga gidajen marasa ƙarfi.

Akwai wani abu da nake so kowa ya riƙe. Wani lokaci ƙarin yakan riga cutar bayyana a jini. Sai a yi gwaji a ga jini lafiya lau, alhali kuwa abin yana nan tafe, galibi cikin watanni. Saboda haka in gwajin farko bai nuna kome ba amma kumburi bai sace ba, ba a gama ba tukuna.

Yanzu ta yaya uba ko malami zai bambanta shi da sauran? Hazbiya ƙarama ce, a bakin gashin ido take, tana da zafi, cikin mako guda takan fashe ta warke. Afolo, wanda ya samo sunansa a 1969 lokacin da kumbon Amurka ya sauka a wata, yakan sa ido ya yi ja da ƙaiƙayi da ruwa, kuma yakan bi 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Harbin rina ko zuma yakan sace cikin kwana biyu ko uku. Naushi ko faɗuwa yana da labari, kuma kullum raguwa yake yi. Ciwon ƙoda yakan kumbura idanu biyu da safe, su ragu da rana, ƙafafu su kumbura, fitsari ya yi kumfa. Akwai kuma ruɓar kwarmin ido, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da zafi da ja, wadda ita ma a ranar ake kai ta asibiti.

Wanda muke tsoro ga alamominsa. Na ɗaya, kumburin da ya kai mako biyu bai sace ba, ko kuma kullum ƙaruwa yake yi. Na biyu, fatar ta yi duhu alhali yaro bai faɗi ba, ba a buge shi ba. Na uku, in an taɓa a hankali a ji tauri, kuma sau da yawa babu zafin kirki. Wannan rashin zafi shi ke yaudarar iyaye. Na huɗu, ido ɗaya ya fi ɗaya fitowa, ko ya karkace, ko yaro ya ce yana ganin abu bibbiyu. Na biyar, abin da ke tare da shi a sauran jiki: ɗashewar tafin hannu da harshe da cikin fatar ido, gajiya, zazzaɓin da aka yi ta ba shi maganin cizon sauro bai tafi ba, haɓo, jinin dasashi, kaluluwa a wuya ko hammata, ciwon ƙashi har yaro ya ƙi tafiya, ko ciki ya ɗaga saboda kumburin saifa da hanta. Ba sai sun taru duka ba. Ko na ɗaya da na biyu kaɗai sun isa a tashi.

Akwai waɗansu ƙarin na yara masu kama da wannan. Akwai wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi har haƙora su yi girgiɗi. Akwai na cikin ƙwayar ido, wanda tsakiyar idon ƙaramin yaro kan yi fari da ƙyalli kamar idon kyanwa da dare. Akwai kuma wanda kan fara a saman ƙoda ya sa kewayen idanu biyu ya yi baƙi. Rarrabe su aikinmu ne, ba naku ba. Naku shi ne ku kawo yaron da wuri.

Ga abubuwan da nake roƙo a guje musu. Kada a yi tsaga ko ƙaho, gama jinin yaron ba lalle ne ya tsaya ba. Kada a ɗiga nonon uwa ko ruwan albasa ko ruwan sukari. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Fiye da kome, kada a saya masa deksametason, wannan ƙwayar da wasu ke sha don ƙiba, ko firedinisolon. Irin waɗannan sukan sa wani kumburin ya ja baya na 'yan kwanaki, iyaye su yi murna, amma sun rufe wa likita sawun cutar, gwaji ya rikice, ita kuwa ta dawo. Batun cewa daji ba ya son allura kuwa, na san inda ya samo asali. Mutane sun ga ana kai mara lafiya asibiti a ƙurarren lokaci, a yi masa allura, ya rasu, sai aka ɗora wa allura laifin jinkiri. Wannan magana ta ci yara da yawa. Har ila yau, cutar nan ba a ɗaukarta, ba sikila ba ce, ba sammu ko maita ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne. Na ga gidajen da aka zargi kishiya a kan abin da ɓargo ya yi.

Idan kun je asibiti, ku ce wa likita a fili kuna so a yi ƙidayar ƙwayoyin jini, a kuma shafa jinin a gilashi a duba shi a madubin ƙara girma. Gwaji ne na yini ɗaya, kuma yawancin manyan asibitoci suna yin sa. Kada ku ji kunyar tambaya. Da mahaifin yaron nan ya san ya tambaye ni haka, da na yi. In an ga abin zargi za a tura ku asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato, Maiduguri ko Jos. Akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A can za a zuƙi ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu, a ɗauki hoton cikin kai, wani lokaci a gutsuri ɗan ƙarin a auna.

Maganinsa ba fiɗa ba ce, kuma galibi ba a cire ido. Tun da tushen yana ɓargo, jiki duka ake yi wa magani, ko da jinin bai nuna ba tukuna. Magunguna ne masu ƙarfi da ake sawa ta jijiya, irin su saitarabin da donorubisin, zango-zango har tsawon kamar wata huɗu zuwa shida. Gashi yakan zube amma yana dawowa. Yaro yakan buƙaci ƙarin jini sau da yawa, da tsaro daga kamuwa da wasu cututtuka. Abin farin ciki shi ne cikin 'yan makonni ido yakan koma mazauninsa. Nan ne kuma haɗari yake, domin iyaye da yawa da sun ga haka sai su ce ya warke, su ɗauke shi. Wanda aka katse wa magani kusan kullum cutar tana dawowa, kuma ta fi wuyar ji a karo na biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, yaƙi ne mai wuya. A ƙasashe masu arziki, kamar yara biyu cikin uku masu AML suna warkewa, masu ALL kuwa kusan tara cikin goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin yara da matasa 400,000 ke kamuwa da sankara iri-iri kowace shekara. Fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a yawancin ƙasashe marasa ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da wani shiri da nufin a kai kashi 60 nan da 2030. Bambancin nan ba daga jikin yaranmu yake ba. Jinkiri ne, da tsadar magani, da ƙarancin jini, da katse magani. A ɗakin da nake aiki, waɗanda muka rasa sun fi waɗanda muka sallama. Amma muna sallama. Akwai wata yarinya mai shekara tara da malamar ajinsu ta lura idonta ya kwana goma sha biyu a kumbure, kuma ta daina fita wasa. Malamar ta bi ta har gida, ta matsa wa uban. A ranar da suka zo aka yi gwajin jini. An sha wahala, an sayar da shanu biyu, amma ta gama maganinta. Bara ta zo gaishe ni da takardar sakamakon jarrabawar gama sakandare.

Saboda haka ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na farko, kowa ya kai wannan magana gida. Ku gaya wa iyalanku, gama su ke yi wa yara wanka, su za su fara gani. Malaman makaranta da ke cikinmu ku gaya wa abokan aikinku. Na biyu, mu buɗe rajistar masu ba da jini, kowa da rukunin jininsa da garin da yake. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Na ga uban da ya yi kwana biyu yana yawo a gari yana neman leda guda. Na uku, a ware wani abu daga asusun ƙungiya, kome ƙanƙantarsa, don kuɗin mota da na gwajin farko ga iyayen da ba su da hali. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yara masu sankara a duniya, muna iya ɗaukarta ranar da za mu riƙa ba da jini tare.

Kafin in zauna, bari in koma kan Malam. A aji huɗu ya ba mu ƙwaɗo mu zana. Ni kuwa na buɗe littafi a ƙarƙashin tebur na kwafi hoton da ke ciki, ya fito tsaf. Malam ya duba, ya ja jan biro a kai, ya ce ƙwaɗon da ke gabana ƙafarsa ɗaya a gutsure take, ina aka yi nawa ya sami huɗu cif? Ya ce in zana abin da na gani. Ranar da manomin nan ya kawo ɗansa, hoton littafi na sake kwafa, ban dubi yaron ba. Tun daga lokacin, duk yaron da ya shigo da kumburin ido sai na ja fatar idonsa ta ƙasa, na buɗe bakinsa, na taɓa cikinsa, kome tsawon layi. Malam, darasin ya shiga, ko da yake ya makara.

 Malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya raya mana zuriya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wanda ke da tambaya ina nan har a tashi.